Dodon Koɗi a Miyar Kuka

Kakarmu ba ta taɓa ganin teku ba. Ruwa mafi girma da ta sani shi ne dam ɗin jami'a, shi ma daga nesa take gaishe shi. Amma a shekarar da aka kawo mana Ejiro gidanmu na Samaru, sai ga tsohuwa ta zama malamar halittun teku.

Ejiro 'yar Kawu Bitrus ce. Uwarta 'yar Warri ce, ta rasu, aka kawo yarinyar tana 'yar shekara shida. Hausarta tsinci-tsinci, tuwo kuwa ko kallo bai ishe ta ba. Ta rame har wuyanta ya fito. Kawu ya ce in ba ta fara cin abinci ba, zai mayar da ita wurin dangin uwarta. Kaka ta san in ta tafi, ta tafi ke nan.

Sai ta shiga zarya kasuwar Sabon Gari wurin Mama Chinedu mai kifi, tana kwaso labarin ruwa. Da yamma, an sauke tukunya, muka kewaye murhu.

"Ga ta nan," in ji Kaka, "amma yau a jiƙe take, ku matsa kar ta ɗiga muku."

Ta ce a teku kowa da dabararsa. Akwai mai hannu takwas da ke sauya launi kamar hawainiya. Akwai kifin da ya cika kwanciya a gefe guda, har idonsa na ƙasa ya gaji da yashi ya yi ƙaura ya koma sama. Sai wata ƙaguwa da aka haifa da baya laushi, ba ta da ƙwarya tata. Kifaye suka sa ta gaba. Ta samu gidan dodon koɗi ba kowa ciki, ta shige da baya, ta zauna lafiya.

"Kin ji, ƙawata? Ba gidanta ba ne, amma ta saba."

Ejiro, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗago kai. "Na sani shi, Kaka. In gida bai yi ba, yana fita, yana neman wani."

Ni dai na dubi Kaka. Tatsuniya ta juyo ta ciji mai ita. Ko rufe labarin ba ta yi ba, ta ce hayaƙi ya dame ta, kowa ya tashi.

Washegari ta dawo daga kasuwa da ƙullin jatan lande da ƙananan dodon koɗi na teku, irin waɗanda ake tsotsa. Ta juye su cikin miyar kuka tana kau da kai. Babanmu ya leƙa kwano, ya ce shi yau azumi yake.

Ejiro ta shinshina, ta miƙa wa Kaka guda ɗaya. "Ke fara."

"Ni? Tsutsa mai ɗaki?"

Yarinya ta janye hannu daga tuwon. Kaka ta dube ta, ta runtse ido, ta ce, "Ya Ubangiji, kana gani," ta zuƙa da ƙara har akuyar maƙwabta ta amsa. Hawaye ya zubo mata. Ejiro ta fashe da dariya, karo na farko a gidanmu, ta gutsiri tuwo. Mu ma muka yi dariya, amma ni har da ƙwalla, don na san abin da tsohuwar nan ta haɗiye.

Yanzu ina koyar da 'yan firamare a Palladan. Ina gaya musu dabba ce ke sabawa da wurin zamanta, haka darasin yake. Amma a raina na san wani lokaci wurin ne ya kamata ya matsa wa baƙo.

Ejiro ba ta koma ba. Tana nan Samaru da 'ya'yanta, har yau haka take miyar kuka. Maƙwabta sun ɗauka girkin Warri ne, dangin uwarta kuma in sun zo sai su ce, ashe haka Zazzagawa ke yi.