Wankin Babur a Bakin Kanal

Iliyasu manomin rani ne a wani ƙauye tsakanin Bunkure da Kura, cikin samarin da ruwan madatsar Tiga ya zo ya tarar suna ɗaure kayan tafiya cin rani, ya zaunar da su a gida. Tun bai yi aure ba mahaifinsa ya rasu, ya bar masa gona da ƙanne da uwarsu Iyatu. Mutum ne mai ƙwazo, ba ruwansa da rigima, ba ka ganinsa a majalisa yana kashe yini. Aibinsa guda ne, in ya so abu sai ya so shi har na kusa da shi su ji haushi.

Shekarar da aka hana shigo da alkama daga waje, wanda duk ya shuka ta ya dara. Iliyasu na cikinsu. Wasu suka ƙara gona, wasu suka rufa kwano a ɗaki, shi kuwa ya hau mota zuwa Kano ya dawo a kan babur sabo fil. Ba irin gajerun nan da aka saba gani ba, dogo ne irin na malaman gona, ja, mai tayoyi masu haƙora da salansa a ɗage kusa da cinya. Ranar da ya shigo da shi gari, har masu alwala sai da suka ajiye buta.

A faɗi gaskiya, babur ɗin ya yi rana. Inda taɓo ke riƙe a-kori-kura, shi sai ya ratsa yana feshi. Kunyar gona, yashi, gangaren kwalbati, duk hanya ce a wurinsa. Iliyasu kan je Garun Malam ya jiyo yadda kasuwar tumatir ta kwana, ya dawo kafin masu keke su gama ba taya iska. In an yanke ruwa, kafin a gama ƙorafi ya isa wurin mai buɗe ƙofar kanal.

Sai dai abin na da nasa halin. Tsawonsa ya fi ƙarfin mai shi, don Iliyasu gajere ne, in zai tsaya sai ya nemi tudu ko ya karkace kamar mai leƙen rijiya. Ba shi da kariyar ɗora kaya a baya balle a ɗaura kwando, mazauninsa kuma siriri ne, da ƙyar yake ɗaukar mutum biyu. Iyatu da ta zagaya shi sau ɗaya cewa ta yi, abin da ba ya ɗaukar buhu ba ya ɗaukar kwando, ita ba ta ga me aka sayo ba.

Iliyasu bai ji wannan ba, hankalinsa na kan ƙura. Ƙura kaɗan in ta hau tanki sai ka ga ransa ya ɓaci. Kowace hantsi yakan gangara da babur ɗin wani wuri a kanal inda aka yi matakala ta siminti, inda mata ke wanki, masu keke ke ɗauraye kekunansu. Yadda ake wa keke haka yake masa. Ya tura shi cikin ruwa har rabin taya, ya cika bokiti ya sheƙa masa tun daga kai har wutsiya, ya bi da soso da sabulu.

Baballe bakanike, mai gyaran injin ban ruwa a bakin hanya, ya sha gaya masa.

"Iliyasu, wannan fa ba keke ba ne. Akwai inda ba ya son ruwa. Wata rana zai ƙi tashi, ka zo kana nemana."

"To ai yana tashi," in ji Iliyasu.

Yana tashin kuwa, don bayan wanki yakan bar shi a rana ya je ya zaga gona. Kafin ya dawo ya bushe.

Wata Talata a ƙarshen kakar tumatir, zafi ya fara tsanani, Iliyasu ya gama sheƙa bokiti na ƙarshe ke nan sai ya ji ana kiransa. Barira ce, ƙanwarsa, a guje ba mayafi ba takalmi. Ita da Iyatu suna can bayan gona tun safe suna yanka tumatirin da ya rasa mai saye, suna shanyawa a yi kauɗa.

"Yaya! Iya ce! Abin ƙasa ya taɓa ta!"

Mutanen wurin ba sa kiran sunan maciji in ya yi sara, amma babu wanda bai gane ba. Iyatu ta ɗaga wani kwando da ya kwana a kife, ashe gamsheƙa na ƙarƙashi.

Iliyasu ya jawo babur ɗin daga ruwa, ya haye, ya taka kiki. Shiru. Ya sake takawa, injin ya yi wani tari ya mutu. Ya taka, ya taka, har takalminsa ya zame ƙarfen ya daki ƙaurinsa, bai ma ji ba. Ruwa na ɗiga daga ko'ina a jikin babur ɗin, yana ta ƙyalli a rana.

Mota ba ta shigowa nan sai ranar ɗaukar kaya, titi kuma da nisa. Duk ƙauyen babu abin da zai kai mutum asibitin Kura da sauri in ba wannan ba, kuma kowa a wurin ya san haka. Maza biyu da ke ban ruwa suka yar da fartanya suka zo suka tura shi a kan gaɓar kanal. Ya saka giya, tayar baya ta ja ƙasa, ba abin da ya faru. Suka juyo suka sake turawa. Wani ya hau keke ya tafi kiran Baballe.

Kafin Baballe ya iso, an kawo Iyatu a kan tabarma an ajiye a inuwar darbejiya. A ƙafa ya sare ta, an ɗaure ƙafar da tsumma a ƙasan gwiwa, ta kumbura har yatsun sun rarrabu. Tana salati a hankali. Iliyasu ya kasa duban wajen. Tsoro ya cika shi, da wani baƙin ciki da ya fi tsoron, don ya san hannunsa ne ya zuba ruwan nan.

Baballe na isowa ya wuce kai tsaye wurin babur ɗin. Ya durƙusa ya kwance fulogi, ya goge da bakin rigarsa, ya hura, ya zubar da ruwan da ya taru a ƙasan kabureta. Garin sauri ƙaramin noti ya faɗi cikin ciyawa, mutane suka duƙa suna lalube. Inuwar darbejiyar ta matsa har rana ta fara taɓa ƙafafun Iyatu, aka ja tabarmar. Da aka mayar da komai, Baballe ya taka da kansa. A karo na farko tari, a na gaba injin ya kama da ƙara, hayaƙi fari ya turnuƙe.

"Ku ɗauko ta!" in ji Baballe.

Iliyasu ya haye, aka ɗora ta a bayansa, sai wata matsalar ta taso. Iliyasu ɗan fari ne. Tun da ta haife shi Iyatu ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta zama kusa da shi, ba ta miƙa masa abu hannu da hannu a gaban mutane. Yanzu ga jama'a sun kewaye, an ce ta rungume shi. Ta mayar da hannuwanta baya tana laluben abin riƙewa, babu komai a wurin sai fitila.

"Iya, ki riƙe ni," in ji Iliyasu.

Ta kawar da kai.

"Iya, don girman Allah ki riƙe shi," in ji Barira tana kuka. "Babu wurin da zan zauna in tare ki."

"Ku bar ni haka," Iyatu ta ce, muryar da ƙyar take fita. "Zan iya."

Yana sakin kuloci ta tafi gefe, sai da aka tare ta. Wata tsohuwa cikin masu wanki ba ta tsaya shawara ba. Ta fizgo zane daga kan shanya, ta zagaya shi ta bayan Iyatu, ta ƙulle a ƙirjin Iliyasu tamau, ta ƙara da wani a kugu. Goyo sosai, a gaban kowa. Iyatu ta runtse ido don kunya.

Nan babur ɗin ya nuna abin da aka ƙera shi dominsa. Iliyasu bai bi hanyar mota da ke zagaye ba. Ya miƙe ta gaɓar kanal, ruwa a dama, gangare a hagu, faɗin wurin bai fi tabarma ba. Ya yanke ta cikin gonar alkama da aka girbe, ya faɗa wani taɓo da ya kai rabin taya ya fita, ya haura kwalbati. Kowane tsalle sai ya ji kanta ya bugi kafaɗarsa, salansa mai zafi kuma na kusa da ƙafarta, dole ya riƙa kai hannu yana janye ta.

"Iya, kina jina? Mun kusa."

"Ina ji," ta ce a bayan kunnensa.

Da suka hau titi ya murɗa har ƙarshe. A nan ne ya ji hannunta ya zagayo a hankali, ya lalubi gaban rigarsa, ya shige aljihun ƙirji ya damƙe. Zuciyarsa ta yi sanyi. Ya ci gaba da yi mata magana cikin iska, yana gaya mata ga gidajen Kura can sun bayyana, yana cewa ta yafe masa, shi ya jawo jinkirin nan. Ba ta amsa ba, ya ɗauka ƙarar injin ce ta hana shi ji.

A ƙofar asibiti ƙafarsa ta kasa kai ƙasa da nauyin mutum biyu, sai da masu jinya suka rugo suka tare babur ɗin. Wata ma'aikaciya, babbar mace, ta fito da sauri. Ta kama wuyan hannun Iyatu na hagu da ke reto, ta daɗe a riƙe. Ta ɗaga fatar idonta. Sannan ta daina sauri.

"Malam, mahaifiyarka ce?"

"Ita ce. Ku yi mata allura, abin ƙasa ne."

"Sai haƙuri, Malam. Allah ya karɓi abarsa."

"A'a," in ji Iliyasu. "Ga shi tana riƙe da ni."

Matar ba ta yi musu da shi ba. Ya dube ta ya ce, "Da na iso tun ɗazu fa?"

"Wannan Allah kaɗai ya sani."

Ya so ta ce masa ko da ya iso ba abin da zai canja, amma ba ta ce ba. Ta kai hannu za ta kwance ƙullin zanen da ke ƙirjinsa, sai ya dafe ƙullin, ya dafe hannun da ke cikin aljihunsa.

"Ku ɗan bar ta tukuna," ya ce. "Ba ta taɓa riƙe ni ba."