Sufeto Elizabet da Ɗinkin Bakin Buhu

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Janairu, 2025, ina bugun wake a gonata da ke Digil, matata Dorathy ta zo ta tsaya a kaina. Da na ɗago, sai ta ce, "Mama Sufeto ta rasu da safen nan." Na ajiye sandar, na zauna a kan tarin harawa. Ban ƙara taɓa waken ba ranar.

Sufeto Elizabet Vandi, 'yar sanda mai ritaya, ta rasu a gidanta a Mubi tana da shekara sittin da ɗaya, bayan jinyar wata huɗu. Ta yi shekara talatin da biyar a aiki, yawancinsu a sashen binciken manyan laifuffuka. Ta bar mijinta, Baba Vandi, da 'ya'ya uku, da jikoki.

Masu yabonki suna da yawa, Mama, kuma sun fi ni iya magana. Ni sunana Caleb Ishiyaku, kuma ni ne mutumin da kika kulle shekara biyu da wata bakwai a kan laifin da ban aikata ba. Saboda haka idan na ce ke mai bincike ce ta gaskiya, ya kamata a saurare ni, don ba daɗin baki ya kawo ni ba.

Sana'ata a da ita ce ɗinkin bakin buhu a kasuwar hatsi. Wanda bai sani ba gani yake duk ɗinki ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Yawancin masu ɗinki daga gefe suke farawa, su bi har ɗaya gefen, su ƙulle a waje. Ni daga tsakiya nake soka basilla, in tafi dama, in komo hagu ina giciye zaren, sa'an nan in ɓoye ƙullin a cikin kunnen buhu. Buhun da na ɗinke, ko daga saman babbar mota ya faɗo, ba ya zubar da ƙwaya ɗaya. Ina alfahari da wannan, kuma ba na ɓoyewa.

A watan Disamba na 2016 aka fasa shagon hatsin Alhaji Laminu, aka kwashe buhun wake arba'in. Ɓarayin sun bugi maigadi a ka, tsoho ne, ya cika a asibiti bayan kwana biyu. Aka ba ki binciken. Bayan mako guda kuka gano buhu sha biyu a wani kango a hanyar Bahuli. Ɓarayin sun juye waken daga buhunan Alhaji masu tambarinsa zuwa sababbi, suka sake ɗinkewa. Abokan aikinki waken suka duba. Ke kika durƙusa kika duba bakin buhun.

Kwana uku kika yi kina yawo a kasuwa, da zani da ɗankwali da kwando a hannu, kina taya gero kina taya masara, alhali idonki yana kan ɗinki. Rana ta uku kika tsaya a rumfata. Kika shafa wani buhu da na gama, kika ce, "Kai, ɗana, wannan aiki ya yi kyau. Akwai wani mai irin wannan ɗinkin a kasuwar nan?"

Ni kuwa, wawa, sai na buga ƙirji na ce, "Haba Mama! Babu. Ki zaga duk Mubi, ni kaɗai ne."

Da bakina na kulle kaina. Ga shi kuma mako guda kafin satar mun yi cacar baki da maigadin a gaban jama'a, a kan wurin ajiye buhuna. Ga shi daren da aka yi abin ni kaɗai na kwana a gona ina gadin amfanina, ba wanda ya gan ni. Ko ni aka ba wannan binciken, da Caleb zan kama.

Zan faɗi abin da na gani a hannunki, don ba ni da dalilin ƙara miki ko rage miki. Ba ki taɓa ɗaga mini hannu ba, kuma da wani ya ɗaga, kika ce ya sauke. Kin ɗauki bayanina sau uku a ranaku daban-daban, kina barina in yi magana har in gaji, ba ki katse ni. Da kika rubuta, kika karanta mini da Hausa, layi bayan layi, kafin in sa hannu. Kin taka da ƙafarki har gonata kika ga bukkar da na ce na kwana a ciki. Duk wannan kin yi, amma ƙarshenta kika rubuta cewa ni ne. Kotu ta tura ni gidan yari jiran shari'a, a kan fashi da kisan kai.

Ba zan ba da labarin gidan yari ba. Uwata ta rasu a shekara ta biyu, ban ga gawarta ba. Dorathy ta daina zuwa kasuwar Mubi saboda nunin da ake mata da baki. A cocinmu ma akwai waɗanda suka daina gaisa ta. Kowace safiya na tashi, sunanki nake fara tunawa, kuma ba da alheri ba. Na tsane ki, Mama. Allah ya sani, ke ma kin sani.

Abin da ya faru bayan haka, daga bakin Baba Vandi na ji shi. A watan Janairu na 2019 wani ɗan'uwansa ya kawo muku buhun masara daga wajen Maiha. Kin ɗauko wuƙa za ki yanke zaren, sai kika tsaya. Baba Vandi ya ce kin daɗe a tsugune gaban buhun har ya zaci ciwon baya ne ya kama ki. Ɗinkin daga tsakiya ya fara, ƙullin yana cikin kunne. Ni kuwa ina kulle shekara biyu.

A nan ne nake so matasan da ke wannan aiki su buɗe kunne. Ba wanda ya ga buhun nan sai ke da mijinki. Takarduna sun daɗe da barin teburinki. An yaba miki a kan kama ni, kuma a shekarar ake sa ran ƙarin girmanki. Da kin sa wuƙa kin yanke, an tuƙa tuwo an ci, da har yau ba wanda ya sani, ni kuma wataƙila da ina can, ko kuma an rataye ni. Kika mayar da wuƙar, kika ce kada kowa ya taɓa buhun.

Ba ki yi gaggawa ba ko a nan. Sai da kika fara gwada ko ke ce kike ruɗin kanki: wataƙila tsohon ɗinkina ne tun kafin a kama ni. Kika duba masarar, ta bana ce. Kika duba jikin buhun, na taki ne, kuma shekarar da aka buga a jikinsa 2018 ce. Sai da kika toshe wannan ƙofar sa'an nan kika zo gidan yari.

Na tuna ranar. Aka ce ina da baƙuwa, na fito na gan ki, na juya zan koma. Kika ce, "Caleb, tambaya ɗaya ce, wadda ya kamata in yi maka tun ranar farko ban yi ba. Wa ya koya maka ɗinki?"

Na ce, "Jonathan. Amma ya mutu."

"Ka ga gawarsa?"

Ban gani ba. Jonathan tsohon mai ɗinki ne da na zauna a ƙarƙashinsa shekara huɗu. A gudun hijirar da muka yi daga Mubi a 2014 ya tsallaka Kamaru, daga baya labari ya zo cewa ya rasu a can, kowa ya yarda, har aka je gaisuwa wurin danginsa. Shi ya sa ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba. Kika rubuta sunan a ƙaramin littafin da ba ya barin jakarki, kika tafi.

Mako shida kika yi kina bin buhun nan hannu zuwa hannu. Ɗan'uwan mijinki ya nuna dillalin da ya saya a wurinsa, dillalin ya nuna manomi, manomin ya ce wani mutum ne mai yawo ƙauye-ƙauye da basilla lokacin kaka, ba ya kwana biyu a wuri ɗaya. Kina da shekara hamsin da biyar, da ciwon gwiwa, kika riƙa hawa mashin kina bin kasuwannin ƙauye har kika same shi zaune a kan buhu yana ɗinki, da ransa da lafiyarsa. An ce ba ki yi masa tsawa ba. Zama kika yi kusa da shi kika yabi aikinsa, kamar yadda kika yi mini. Ya amsa laifinsa, ya kuma faɗi sunayen mutum biyu da suka yi fashin tare da shi.

Kama Jonathan ya fi fitar da ni sauƙi. Sai da kika rubuta da hannunki cewa rahotonki na farko kuskure ne, kika sa hannu. Akwai wanda ya ba ki shawara ki rubuta cewa ni da Jonathan tare muka yi, tunda malami ne da ɗalibinsa, kowa ya huta. Kika ƙi. Kika yi ta zirga-zirga zuwa Yola da takardu har aka sallame ni a watan Yuli. Ƙarin girman bai zo ba. Da muƙamin Sufeto kika yi ritaya bayan shekara biyu.

Ranar da na fito kina tsaye a bakin ƙofa tare da Dorathy. Kika ce, "Na yi kuskure, Caleb. Ka yafe mini." Na kalle ki, na kama hannun matata, muka wuce. 

Ban koma kasuwa ba. Na naɗe basillata a tsumma na cusa a rufin ɗaki, na koma noma kawai. Ko buhun gonata wani nake kira ya ɗinke. Ke kuwa ba ki tsaya a sakina ba. Kin je wurin Alhaji Laminu da iyalin maigadin kika gaya musu ba ni ba ne. Kin zo cocinmu a Digil ranar Lahadi, kika nemi izini, kika tsaya gaban mutanen da suka daina gaida matata kika ce, "Wannan mutum ba ɓarawo ba ne. Ni na yi kuskure." Ina zaune a baya ina ji. Raina ya yi sanyi, amma bakina bai buɗe ba.

Bayan haka duk kaka sai kin zo gaishe mu. Ba ki sake roƙona ba. Sau ɗaya kawai kika ce, "Ɗinkinka bai yi laifi ba, ka koma sana'arka." Na ce miki hannuna ya manta. Ƙarya nake yi, kuma na san kin gane, don gane ƙarya ne aikinki.

A zaman makoki na ji abubuwa da yawa a kanki. Wani kofur ya ce duk sabon yaron da aka kawo sashenku, kin riƙa ce masa idan ya tabbata ya gama bincike, ya koma ya nemo tambayar da bai yi ba. Wata mata daga Bahuli ta ce kin zauna da ita awa uku kina jin bayaninta da yaren Gude, saboda Hausarta ba ta kai ba. Wani mahauci ya ce ya taɓa aika miki cinyar rago bayan kin gano masa kayansa, kika mayar masa da ita kafin azahar. Na yarda da su duka. Amma kaifin ido da haƙuri da tsabtar hannu, duk kina da su ranar da kika kama ni, kuma ba su hana ki kuskure ba. Abin da ya fitar da ni shi ne kin iya komawa ki binciki aikinki kamar na wani, kika kuma faɗi abin da kika gani ko da a kanki ya faɗo.

Na ji labarin jinyarki tun watan Oktoba. Dorathy ta ce mu je, ta faɗa ya fi sau biyar. Na ce sai na gama girbi. Da na gama girbi na ce sai na gama bugun wake. Saura kwana biyu in gama.

Ranar Laraba da safe na hau kan turmi na zaro tsumman daga rufin ɗaki. Basillar ta yi tsatsa, na goge ta da yashi. Na cika buhu da waken da nake bugu lokacin da labarin ya same ni, na soka daga tsakiya, na tafi dama, na komo hagu. Hannun bai manta da komai ba. Na ɗora a mashin na kai gidan makoki, kamar yadda kowa yake kai abin da ya samu.

Baba Vandi ya fito karɓar gaisuwa. Ya kalli buhun, ya sunkuya ya laluba kunnensa da yatsa har ya taɓa ƙullin. Sai ya ce wa matan da suka zo ɗauka, "Wannan kada a sa masa wuƙa. Ku kai ɗakinta, ku ajiye kusa da ɗayan." Ashe buhun Maiha yana nan. Ta ƙasa aka farke shi aka juye masarar, bakin yana ɗinke yadda yake, shekara shida a jikin bangon ɗakinki. A nan ne na yi kuka, a gaban mutane, ban ji kunya ba.

Na yafe miki, Mama. Na daɗe da yafewa, taurin kai ne ya hana ni faɗa, kuma wannan laifina ne ba naki ba.

Ubangiji Allah ya ji ƙanki, ya gafarta miki kurakuranki, ya ba ki hutu a wurinsa. Allah ya ba Baba Vandi da 'ya'yanki da jikokinki haƙurin wannan rashi, ya ta'azantar da abokan aikinki, ya sa a samu masu bin sawunki a cikinsu. Allah ya ji ƙan maigadin da aka kashe, ya ji ƙan uwata. Ni kuma Allah ya yafe mini, da na bar ki kika tafi ba ki ji amsar ba.