Ranar da Na Wakilci Tumatir

Har gobe ban manta da ranar da aka ɗora ni a bayan tirela da sunan tumatir ba. Ku yaran yanzu kuna jin labarin gutsi-gutsi a bakin masinjoji, gara ku ji shi daga bakin wanda abin ya faru a kansa.

A lokacin ni babban jami'in gona ne, saura shekara kaɗan in yi ritaya, ina jiran ƙarin girma na ƙarshe, wanda da shi ake yanka wa mutum fansho. Ofishinmu yana GRA, da fili a bayansa inda muke rainon dashen tumatir da tattasai, muna raba wa ƙungiyoyin mata masu lambu a cikin gida. Dashen yana son rumfar raino, wato ɗaki na bututun ƙarfe da leda mai kauri, wanda 'yan boko ke ce wa girinhawus. Matsalarmu iskar farkon damina. Wanda ya zauna Katsina ya san ta: hadari ya haɗo daga gabas, kafin ɗigo ɗaya ya sauka an kwashe kwanon rabin unguwa. Rumfarmu ta baya a haka ta yi raga-raga, matan suka yi shekara babu dashe.

Daraktanmu, Alhaji Bishir, mutum ne mai tsoron Allah da tsoron a ce ya yi abu ba bisa ƙa'ida ba. Ya kafa kwamitin zaɓen sabuwar rumfa, shi ne shugaba, ni sakatare. Mutum biyu suka kawo kaya. Ɗaya ɗan kwangila ne da rumfa 'yar waje a cikin kwali, da hoton wata Baturiya tana murmushi a jikinsa. Ɗayan Malam Iro mai walda na Ƙofar Durbi, wanda ya ƙera tasa da bututu mai kauri, rufinta kamar bayan kunkuru, da ƙarafa a gicciye a kowace kusurwa.

Ƙa'ida ta ce ba a karɓar kaya sai an gwada. To ina za a samu iska a ƙarshen Afrilu, lokacin da ko ganyen darbejiya ba ya motsi? Muka tara fankokin ofis gaba ɗaya muka kunna, aka ɗauke wuta. Nan Darakta ya cire tabarau, ya ce, "In iska ba ta zo wurin rumfa ba, rumfa ta tahi wurin iska."

Aka ɗauko hayar tirela marar bango. Aka ce za a ɗaure rumfar a kai, a hau hanyar Daura, domin gabas ta nufa, kuma daga gabas iska ke zuwa. Sai wani ɗan kwamiti ya tambaya wa zai shaida halin da shuka ke ciki lokacin gwajin. Darakta ya juyo ya kalle ni.

"Malam Sada, kai ne masanin tumatir. Kai za ka wakilce shi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, tumatir ɗin ba shi iya wakiltar kansa?"

Ya ce, "Shi kau baki gare shi?"

Haka aka kafa mini kujerar roba a tsakiyar rumfar 'yar waje, aka ɗaure kujerar da igiya, aka ɗaure ni a jikin kujerar, aka aza mini faranti na dashe a cinya. Kwamiti yana biye a motar Darakta. Mamman direban tirela ya leƙo ya ce, "Malam, mi kake so, iskar yayyafi ko ta ɗiban kwano?" Kafin in buɗe baki, Darakta ya amsa daga baya: "Ta ɗiban kwano."

Muna barin gari Mamman ya taka. Ledar ta fara kumbura tana sacewa kamar ƙirjin mai haki. Bututan suka shiga kaɗawa. Sai na ji wani ƙara, haske ya rufe ni, rufin ya tafi, hulata ta bi shi. Ledar ta sauka a kan ƙahon wani bijimi da ke kiwo a bakin hanya, bijimin ya yanki daji da ita tana filfilwa, makiyayin na bin sa a guje yana ɗaga mana sanda. Aka tsaya. Darakta ya zo ya duba dashen da ke cinyata tukuna, sannan ya dube ni, ya ce, "Ta faɗi."

Muka koma muka ɗora ta Malam Iro. Wannan karon sai da na yi alwala kafin a ɗaure ni. Mamman ya ba tirela wuta har ina jin haƙorana suna haɗuwa, amma rumfar ko gezau. Abin da ya kusa kashe ni zafi ne, don an rufe tagogin raga duka, gumi har cikin takalmi. A wani shinge jami'in da ke bakin hanya ya tsayar da mu, ya ɗaga labulen ƙofar, ya gan ni a ɗaure da faranti a cinya. Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Baba, da son ranka ne?" Na ce, "Aikin gwamnati ne." Ya ce, "Allah shi ba da haƙuri," ya saki labulen.

Rumfar Malam Iro ta ci. Aka sauke ta a filin bayan ofis, muka jera dashe a ciki. Kowa ya san sai an haƙa ramuka an dasa ƙafafunta a cikin kankare, har Darakta ya sani. Amma kwamitinmu na zaɓe ne, ba na kafawa ba. Aka naɗa kwamitin kafawa, aka sa masa zama mako mai zuwa.

Hadari ya riga shi zama. Bayan la'asar gabas ta yi baƙi, iska ta taso. Darakta ya fito da gudu, babbar riga a kafaɗa, yana cewa, "Kowa shi kama ƙafa!" Muka fita gaba ɗaya, manya da ƙanana, har da mai buga takardu. Na kama ƙafa ɗaya, Darakta ya kama ta kusa da ni. Mai kula da sito, wanda ya fi kowa ƙiba a ofishin, ya rungume tasa da hannu da ƙafa. Da na ga takalmansa sun bar ƙasa yana salati, sai na san an gama. Darakta ya yi ihu, "A saki!" Muka saki, mai sito kuwa da ƙyar aka janyo shi ƙasa. Rumfar ta tashi ɗungurungum, ta yi ɗan jim a sama kamar mai tunani, ta tsallake katanga, ta sauka a tsaye a gidan maƙwabta. Dashenmu yana nan a ƙasa, ruwa na dukansa.

Muka hau katanga muka leƙa. Darakta, jiƙe sharkaf, fuskarsa cike da murna, ya ce, "Kun gani? Ko ɓula ba ta yi ba. Kwamiti bai yi kuskure ba."

Gidan na Hajiya Murja ne, tsohuwar ungozoma da ta yi ritaya. Washegari da hantsi muka je da tawaga karɓo kayanmu. Muka tarar da magina suna wanke cebur. Ta sa an haƙa ramuka, an zuba kankare, ƙafafun sun zauna daram.

Bayan doguwar gaisuwa Darakta ya ce, "Hajiya, kayan gwamnati ne."

Ta ce, "Na sani, Alhaji. Shi ya sa na kafe shi kada shi ƙara gaba. Gidan da ke bayana yara gare su."

Fasa kankaren yana buƙatar kwamiti na uku, Darakta kuma ya gaji. Sai aka ayyana tsakar gidan Hajiya a matsayin reshen ofishinmu. Reshe ba ya zama babu shugaba, aka naɗa ni, ƙarin girman da nake jira ya zo ta nan. Dashen da ya tsira muka kwashe muka kai can. Matan ƙungiya suka koma karɓa a gidan Hajiya, suka ma fi son haka, don tana ba su kunun zaƙi kuma tana duba musu jarirai. Damina nawa ta wuce, rumfar tana nan.

Ku da za ku zaɓi rumfa wata rana, ku nemi bututu mai kauri, rufi mai lanƙwasa da iska za ta zame a kansa, da ƙarafan gicciye. Amma ku haƙa ramin kafin kayan su iso, domin ƙarfin rumfa rabinsa a ƙarƙashin ƙasa yake. Game da mutane kuma, na daina raina abokan aiki tun ranar nan. Mun iya ɓata mako a kan wa zai sa hannu, amma da aka ce a kama ƙafa, ban ga wanda ya tsaya tambayar matakin albashinsa ba. Mai sito ma sai da aka ɓamɓare yatsunsa.