Ragon da Na Ɗauko Daga Sae Sabuwa

Shekarar da na bar koyarwa a lakol na dawo gida Agiye, na ɗauki kiwon tumaki da zafi, sai ka ce a ruga aka haife ni. Kyau nake bi. In na shiga kasuwar Gazawa, balami fari tas mai dogon kunne ne ke tsayar da ni. A garken kuwa akwai wata tunkiya da na gada wurin gwaggona, gajera, gashinta kamar tsohuwar tabarma. In baƙi za su zo, bayan rumbu nake ɗaure ta.

Damina ta sauka, ciyawa ta tashi, sai zawo ya kama kyawawan nawa. Haɓarsu ta kumbura, suka rame. Likitan dabbobi ya zo ya gwale idon ɗaya, ciki fari fat.

"Tsutsar ciki ce," in ji shi. "Maganin ma ya fara daina cin ta. Waccan ta bayan rumbu fa?"

"Ƙyale wannan, ba abin nunawa ba ce."

Ya gwale nata idon, ja wur. Ya ce akwai tumakin da jikinsu ke ƙin tsutsa, kuma gadon abin ake yi. In ina son garke mai lafiya, in nema mata rago irinta.

Daga nan na zama abin kallo. Kasuwa-kasuwa nake bi, ina gwale idanun ragunan mutane, ina tsugunawa ina duba kashinsu. Wani dillali har ya ja ni gefe, ya tambaye ni ko asiri nake haɗawa. A ƙarshe na samu rago a wani ƙauye wajen Sae Sabuwa, mai karyayyen ƙaho, ya fi tunkiyar muni. Na rungumo shi bisa kabu-kabu, ya jiƙa mini riga da fitsari tun ba mu hau kwalta ba.

Uwargidana ta leƙo, ta dube shi, ta dube ni.

"Malam, duk yawon nan, surukin da ka zaɓo ke nan?"

Ƴaƴan ragon da tunkiyar suka fito kamar iyayen, ba mai kallon su sau biyu. Amma damina ta zo ta wuce suna kiwonsu, ba zawo ba kumburi. Maƙwabtan da suka yi mini dariya suka fara kawo tumakinsu wurin ragon.

Wata safiya ɗayansu ya yi sallama, fuska a sake.

"Malam, tunkiyata ta haihu, lafiya lau. Wallahi ɗan ya ɗebo kamannin gidanku sak."

Na yi masa barka har da godiya. Sai da ya sha kwana na tsaya tunanin wa yake nufi.