Kitso a Ɗakin Makoki

Mai Kitso ba ta iya faɗa ba. Na ga wanda ta yi da matar direba a kan igiyar shanya. Ita ta sayi igiyar, ita ta hau kujera ta ɗaura, amma matar direba ta cika ta da wandunan mijinta tun daga wannan bango har wancan. Mai Kitso ta fito da bokitin wankinta, ta ce, "Dama... igiyar..."

"Igiyar me? Sunanki ne a jiki? Ko ranar ma taki ce?"

Ta tsaya tana buɗe baki kamar kifi a tudu. Kafin a watse ita ce ke ba da haƙuri, da hadari ya taso kuma ita ta kwashe wandunan, har da ninkewa. Amsar da ta dace sai da aka kwana biyu ta faɗo mata, ta kawo mini ita ɗaki tana haki. Na ce, "'Yar nan, zubar, ta yi tsami."

Gidanmu na haya ne, ƙofa na kallon ƙofa, ko tari ka yi an san naka ne. Kayan sana'arta ba su cika jaka ba: kibiya, kwalbar mai, da matsefi mai giɓi irin nawa. Sau ɗaya ta haihu, 'yar ta zo ba ta yi kuka ba. Mata suka cika mata ɗaki, kowace da nata maganin. Akwai mai cewa "ai yarinya ce ke," sai ka ce ƙuruciya man zafi ce. Akwai likitar da ba ta taɓa shiga aji ba: "Ba ki ɗauki abu mai nauyi ba kuwa?" Akwai wadda za ta kwance miki nata tsohon labarin, a ƙarshe ke ce mai lallashinta. Da suka gama aikin ladansu suka tafi, nono ya kawo ba mai sha, gashi ya cukurkuɗe ba mai dubawa.

Tun daga nan, in ta ji wata ta yi ɓari ko jariri ya koma, sai ta ɗauki jakarta. Ba ta wa'azi, bakin ma ina yake? Iyakarta ta zauna ta ce, "Kawo kan." Mai kitso dai kin san a cinya ake kifa mata fuska. To, a nan mace za ta yi kukanta ba mai ƙirga mata hawaye. Kafaɗa na rawa, tsaga na karkacewa. Ban taɓa ganin kitso mummuna kamar nata na makoki ba, ban kuma ga wadda ta yi saurin tsefe shi ba.

Bara matar mai gyaran wuta, ta ɗakin ƙarshe, ta haifi namiji, ya kwana ɗaya ya koma. An kwashe gadonsa da kayansa tun kafin a sallamo ta daga asibiti, don kada ta gani ta tuna, wai dama mantawa ta yi. Hula guda ta tsira, 'yar saƙa da ta yi da hannunta, ta dunƙule ta a tafi. Ina zaune a ɗakin, kan yarinyar na cinyar Mai Kitso, sai ga gwaggon mijin ta shigo, turarenta na gabanta.

"Har yanzu kuka ake? Ke, bani hular nan. Ita ke tayar miki da hankali."

Yarinyar ta ƙara matse hannu.

Mai Kitso ta ce, "Gwaggo, da an bar mata..."

"Ke kitso aka kira ki ko shari'a? Jaririn da ko sabawa ba a yi ba. Tunda uwar na nan lafiya, ai wani zai zo. Bari in kira mijinta ya karɓa da kansa."

Ta juya fuu ta nufi ƙofa, inda takalman masu gaisuwa suka yi tudu. Ta duba, ta sake dubawa. Nata babu, wata ta zura ta tafi da su, ta bar mata silifa ɗaya shuɗi ɗaya ja. Nan Gwaggo ta ɗora hannu a ka. Sababbi ne, yau ta fara sa su, ta zaga kasuwa kafin ta samu daidai ita, irinsu sun ƙare. Ido ya kawo ruwa, gida duk ya fito kallo. Ta leƙo ɗaki tana tambaya ko mu ba mu da zuciya ne, an yi mata rashi muna zaune.

Hular dai har yau tana ƙarƙashin matashin yarinyar, don ba a sake tayar da maganarta ba. A ranar kuwa, Mai Kitso ko kai ba ta ɗaga ba, tana tsaga ta ce:

"Haƙuri za ki yi, Gwaggo, ko sabawa ba ku yi ba. Tunda ƙafar na nan lafiya, ai wani zai zo."