Yadda Na Sa Aka Datse Zungurun Kakata

A lokacin shekarata ashirin da biyu, na gama jami'a ina zaune a gidanmu a unguwar Mahjar, ba ni da aiki sai rubuta waƙoƙi a kan ƙasar Hausa, ƙasar da ban taɓa takawa ba. A Jidda aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina. Hausar tawa ma rabinta Larabci ce, amma in na rufe ido sai in ga gonakin gero da 'yan mata a bakin rijiya, har ƙwalla ta cika mini ido.

Da matan unguwarmu suka shirya taron nuna al'adu a wani ɗakin biki, sai na ce zan karanta waƙa ina kaɗa shantu, don na ga yadda ake yi a waya. Na san akwai wani dogon duma a akwatin kakata, naɗe cikin tsohon zane, wanda ta taho da shi tana amarya, ta Sudan har Makka. Ban tambaye ta ba, so nake kawai ta gan shi a hannuna ranar taro ta yi murna. Na ɗauko na buga a cinya, shiru. Da na duba sai na ga bakinsa ɗaya ne, alhali wanda na gani a waya baki biyu gare shi. Har tausayin kakannina ya kama ni, na ce wahalar hanya ce ta hana su ƙarasa aikin. Na kai wa wani kafinta a unguwar Ammariyya, ya tambaye ni sau biyu ko na tabbata, na ce masa yalla, ya yanka kawai. Nan take ya datse ƙarshensa da zarto.

Ranar taro na sa farar riga, kakata na zaune a sahun gaba. Na fara baitin farko, na buga a cinya da ƙarfi, sai ga wani tsohon gari ya zubo mini a riga. Na sake bugawa, ya sake zubowa, na yi ta atishawa a makirfo. Wata dattijuwa Bahaushiyar Sudan ta taso ta karɓa, ta sansana, ta zura hannu ciki, yatsunta suka leƙo ta ɗaya gefen. Ta juya ta tambayi jama'a wace marar tsoron Allah ce ta huda zunguru. Sai a ranar na san cikinsa amarya ke sa hannu in an ƙunsa mata lalle. Mata suka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Kakata ba ta yi ba.

Kwana uku ba ta tsokane ni yadda ta saba ba. Ran na huɗu na durƙusa gabanta ina kuka, ta ce mahaifiyarta ce ta shuka duman, kuma ni ta ajiye wa saboda ranar aurena. Sannan ta karɓa ta buga a cinya, ta saurara, ta ce ko a shantun ma bai yi ba, halas, shi ke nan, in je in rubuta masa waƙar ta'aziyya tunda ita na iya.

Ta yafe mini, amma har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Shekaru ina kewar ƙasar da ke cikin waya, alhali wadda ta zo daga can tana ɗakin kusa da nawa tana jan carbi. 'Yan uwana da aka haifa a nan, in kun ga wani abu a akwatin tsohuwa, ku zauna ku tambaye ta tun tana iya ba ku amsa. Kuma ku bar kafinta ya huta.