Dakta Badaruddeen da kwanon Malam Datti

Shekarun baya an taɓa kawo mana labari a Getso, wai wani likita ya sauka a Kabo, in ka ba shi fitsarinka a kwalba sai ya faɗa maka irin tuwon da ka ci jiya. Na ce da mai labarin ya ji tsoron Allah. Masu duba a ƙasa mun san da su, amma mai duba a fitsari sai a bakinsa. Ashe da rabon in san mutumin, mu sa hannu a kwano ɗaya, yau kuma in zauna rubuta ta'aziyyarsa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya karɓi ran Dakta Badaruddeen, haifaffen Madadi, malamin jami'a mai binciken abinci da lafiya, ranar Laraba, 11 ga Satumba, 2024, a Kano, bayan gajeriyar jinya.

Dakta, ranar da ka zo mana ka zauna a tabarma ka yi mana bayani dalla-dalla. Ka ce hatsin da aka ci da dusarsa yana barin alama a jini da fitsari, kamar yadda akuya ke barin sawu a gona. Ka ce a wasu ƙasashen an gano alamar alkama, kai kuma ta gero da dawa kake nema, kana so ka gina lissafi a kwamfuta wanda zai auna alamar ya kintaci yawan abin da mutum ya ci. Na tambaye ka me zai hana a tambayi mutum kawai. Ka yi murmushi ka ce, "Baba, in na tambaye ka me ka ci jiya, me za ka ce?" Na ce shinkafa da kaza mana. Ka ce, "To ka gani."

Muka ba da jini, muka ba da kwalabe muna sunkuyar da kai. 'Yan matan da ke aiki tare da kai suka shiga gidaje suna tambayar abin da ake dafawa, kowane gida aka ce surfaffen hatsi ake tuƙawa, dusa ta dabbobi ce. Da sakamako ya fito, sai ga mu dattawan ƙofar masallaci dukkanmu da alamar dusa a jiki, har ta fi ta kowa a garin. Abokan aikinka suka ce a zubar da namu, wataƙila kwalabe aka cakuɗa. Ka ƙi. Ka tuƙo motarka ka iso mana dab da magariba. Na ce, "Dakta, kwamfutar taka ta ce mu maƙaryata ne?" Ka ce, "Ba ta ce ba, Baba. Ina jin ni ne ban iya tambaya ba."

Mu a unguwarmu har yanzu muna ciyayya. Bayan sallar magariba kowane magidanci ana fito da kwanonsa, a jera a tsakiya, a ci tare. A cikinmu akwai Malam Datti, wanda ke riƙe da marayun ɗansa. Gidansa an daɗe da daina surfe, domin in an surfa mudu raguwa yake, bakuna kuma ba sa raguwa. Yadda hatsin yake haka ake kai shi inji. Tuwonsa yakan fito da duhu da kaushi. Ba mu taɓa zama mun shirya ba, amma kwanonsa ake fara cinyewa, saboda kwanon da ya koma cikin gida da saura ya kai wa matar gida saƙon raini.

Shi ma Datti surfaffe ya ce da 'yan matan. Tun kafin ka iso a wannan yammacin ya ja ni gefe ya ce, in aka tona shi a taron bayyana sakamako, shi da fitowa ciyayya har abada. Dattijon da ya daina ciyayya kuwa ya shiga ɗaka ke nan, sai dai a ji sanarwar rasuwarsa.

Da aka jera kwanuka a wannan yammacin na ga Datti yana jan nasa baya da gefen ƙafa. Na ga idonka ya bi kwanon, ya bi hannuwanmu. Na san ka gane. Sai ka naɗe hannun riga, ka jawo kwanon gabanka, ka yanki loma ka ce, "Kai! Rabona da irin wannan tun kakata na da rai. Akwai ƙanzo?" Ka ci har muna hararar ka, don ka kusa cinye mana rabo.

A ranar taro a makarantar firamare ka ce kuskuren naka ne: ka yi lissafi gida-gida, alhali mazan Getso majalisa-majalisa suke ci. Ka gyara lissafin, ka ce yanzu ya zauna daidai. Ba ka ambaci kowa ba. Sannan ka roƙi alfarma, wai don bincikenka ya ƙara ƙarfi, kowane gida a majalisarmu ya gwada niƙa ba surfe. Mai ɗakina ta ce, "Ikon Allah, mutum ya yi boko har ya gaji, ya dawo yana ƙwace wa akuya abinci." Ta yi mita, amma ta tuƙa. Kafin kaka kwanukanmu duk sun zama kala ɗaya, baƙo ba zai iya nuna na wane ne na wane ba. Wasu gidajen har yau ba su koma surfe ba.

Ba ka taɓa ce mana dusa magani ce ba. Kullum cewa kake da sauran aiki, kada mu yi gaggawa. Wanda ka ga hawan jininsa ya yi yawa kuma, ba ka barin sa da takarda, a motarka kake kai shi asibiti a Gwarzo, ka zauna a benci har a gan shi.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya rufa maka asiri ranar da asirai ke tonuwa. Ya sa ilminka ya zama sadaka mai gudana, ya ba ɗalibanka ikon ƙarasa abin da ka faro. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarka Hajiya Ladidi, da mai ɗakinka Sauda, da 'ya'yanka Ahnaf da Raliya, da jama'ar Madadi baki ɗaya. Allah ya ba su haƙuri, ya raya abin da ka bari, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.

Labarin rasuwarka ya zo mini ta bakin mutane da yawa, ina ta cewa a bari a tabbatar. Na ƙarshe da ya faɗa mini shi ne Malam Datti, ya dawo daga jana'izarka ko takalmi bai cire ba. Ya tsaya a bakin zaure ya ce, "Jibirin, yaron nan ya sani tun lomar farko. Har ya koma ga Allah bai taɓa nuna mini ya sani ba."